Lissafin akwati: yadda ake neman kansila ko ɗan majalisar jiha a karkarar Kano da Jigawa

Ranar da 'yan garinku suka fara sallama a ƙofar gida suna cewa “Alhaji, ka fito mana, jama'a na tare da kai,” abin da ya kamata ka fara nema, kafin fasta da mawaƙi, shi ne sakamakon zaɓen da ya wuce a mazaɓarku, akwati bayan akwati. Masu cewa ka fito suna iya zama da gaske suke, amma ba su ƙirga ba. Kai ne za ka ƙirga, domin kai ne za ka kashe dukiyarka, kuma sunanka ne zai shiga bakin mutane.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, da kujeru 40 a majalisar dokokin jiha. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, mazaɓu 287, kujeru 30. Bayan ƙarin rumfunan zaɓe da hukumar INEC ta yi a 2021, Kano ta koma da akwati 11,222, Jigawa 4,522. Idan ka raba, mazaɓa ɗaya a Jigawa tana tashi da akwati kusan 16, a Kano kuwa sama da 20, sai dai cikin birni ne ya ja adadin sama. Mazaɓar ƙauye sau da yawa ba ta wuce abin da mutum zai zagaye a babur cikin kwana biyu ba. Wannan shi ne filin aikinka, kuma ƙanƙantarsa ita ce sa'arka: kana iya sanin kowane akwati kamar yadda ka san gonarka.

Kujeru biyu, hanya biyu

Zaɓen kansila da na ciyaman hukumar zaɓe ta jiha ce ke yin sa, KANSIEC a Kano, JISIEC a Jigawa, da kundin masu zaɓe na INEC. Zaɓen ɗan majalisar jiha kuwa INEC ce ke gudanar da shi, rana ɗaya da na gwamna. Wanda bai gane bambancin nan ba zai zuba ƙarfinsa inda bai kamata ba.

A zaɓen ƙananan hukumomi na Kano a Janairun 2021, APC ta kwashe kujerun ciyaman 44 duka. A na Oktoban 2024 NNPP ta kwashe 44 ɗin da kansiloli 484. A Jigawa, cikin watan na Oktoban 2024, APC ta ɗauki ciyamomi 27 gaba ɗaya. Wannan hali ne da bai kamata a saba da shi ba, domin yana raunana ƙaramar hukumar da sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta, kuma Kotun Ƙoli ta sake jaddada haka a hukuncin 11 ga Yuli 2024, inda ta haramta naɗa kantomomi. Amma mai neman kansila dole ya kalli abin yadda yake: babban yaƙinsa yana cikin jam'iyya, wajen samun tikiti. Mai neman majalisar jiha yaƙi biyu ne a gabansa, na tikiti da na ranar zaɓe, kuma na biyun ana iya kayar da jam'iyya mai mulki a cikinsa. Kano ta nuna haka a 2003 da 2011 da 2023.

Takardu tukuna

Don majalisar jiha, sashe na 106 na kundin tsarin mulki ya nemi abu huɗu: ka zama ɗan Najeriya, ka kai shekara 25 (an sauko da ita daga 30 a gyaran 2018), kana da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da kai. Ma'aikacin gwamnati, har da malamin firamare da ma'aikacin asibitin karkara, sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Ka rubuta takardar ajiye aikin, a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, ka riƙe kofinka. Idan albashi ya ci gaba da faɗowa bayan haka, kada ka taɓa shi, ka rubuta ka sanar, domin takardar banki ce abokin hamayya zai kai kotu. Mai riƙe da muƙamin siyasa, kamar mai bai wa ciyaman shawara, dokar zaɓe ta 2022 ta hana shi tsayawa ko zama daliget a zaɓen fid da gwani sai ya sauka.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne suna. A firamare an rubuta ka da sunan mahaifi, a sakandare da sunan gari, a katin ɗan ƙasa da sunan kaka, shekarun haihuwa kuma kowace takarda da nata. A gida wannan ba komai ba ne, kowa ya san kai ne. A kotu kuwa yana cin kujera. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi gwamna, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Ka baza takardunka duka a tabarma tun shekara guda kafin a fara sayar da fom, ka kai wa lauya ya duba, a gyara abin da ke gyaruwa ta hanyar doka. Fom ɗin EC9 na bayanan ɗan takara da za ka cika rantsuwa ce. Takardar da kake shakkarta kada ka saka ta. Shaidar sakandare mai tsabta ta fi digirin da ba za ka iya kare shi ba.

Sai rajistar jam'iyya. Katin da ke aljihunka bai isa ba, sai sunanka ya fito a kundin mazaɓa, wanda jam'iyya ke miƙa wa INEC kafin zaɓen fid da gwani. Batun ko sunan ɗan takara yana cikin kundin jam'iyya na daga cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dogara da shi a Nuwamban 2023 a shari'ar Gwamna Abba Kabir Yusuf, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu 2024. Gwamna yana da manyan lauyoyin da za su kai shi har can. Shari'ar ɗan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Wanda ya sauya sheƙa dab da zaɓe ya je da ƙafarsa wurin sakataren mazaɓa ya ga sunansa da lambarsa.

Hukumar jiha tana ƙara nata sharuɗɗan. A Kano an tura 'yan takarar ƙananan hukumomi gwajin ƙwaya wurin NDLEA a 2021 da 2024, kuma a 2024 KANSIEC ta fara sanar da naira miliyan 10 kuɗin fom na ciyaman da miliyan 5 na kansila, abin da ya kai ga kotu. Ana taɓa dokar zaɓe kusan kowane zango, saboda haka ka karɓi jadawali da ƙa'idojin wannan zaɓen daga ofishin hukumar da ke ƙaramar hukumarku, ka rubuta ranakun a bangon ɗakinka.

Tikiti

Dokar zaɓe ta 2022 ta tanadi hanya uku ta fid da ɗan takara: ta daliget, ta ƙato-bayan-ƙato, da ta masalaha. Ka fara gano wacce jam'iyyarku za ta bi, domin kowacce da irin aikinta.

Idan ta daliget ce, mutane kaɗan ne ke riƙe da makomarka. A 2022 APC ta yi amfani da daliget biyar daga kowace mazaɓa, PDP uku. Ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma ke nan mutum 50 ko 30. Kuskuren sabon shiga shi ne ya jira a fitar da sunayen daliget sannan ya fara bin gidajensu da dare. Wanda ya san aiki yana wurin tun ranar da ake zaɓen shugabannin mazaɓa, domin su ne ke da ta-cewa wajen rubuta sunayen. Shugaban mazaɓa, sakatare, shugabar mata da shugaban matasa: waɗannan huɗun, idan ba su san ka ba sai da kakar zaɓe ta zo, to ka makara. Kuma daliget yana iya karɓar abin kowa ya yi wa kowa alkawari. Alkawarin da za ka ƙirga shi ne na wanda ya yarda ya faɗa a gaban mutanen garinsu.

Idan ƙato-bayan-ƙato ce, yawan masu katin jam'iyya da za ka iya kawowa fili da safe shi ne magana, don haka rajistar mambobi da motar ɗauko su daga ƙauyuka su ne aikin.

Masalaha ita ta fi yawa a zaɓen kansila, kuma ita ta fi haifar da ɓacin rai. Dattawan jam'iyya na ƙaramar hukuma, ɗan majalisar tarayya, kwamishinan yankin da jagoran jam'iyya sukan zauna su fitar da suna. Abin da suke dubawa ba ɓoyayye ba ne: wa ya kawo akwatinsa a zaɓen da ya wuce, wane gari ne ya ci kujerar baya, wa zai yi biyayya, wa jama'a ba za su yi bore a kansa ba. Karɓa-karɓa tsakanin garuruwan mazaɓa ba a rubuce take ba, amma tana da ƙarfi ƙwarai. Idan kansila mai barin gado ɗan garinku ne, kuma babban ƙauyen da ke gabas bai taɓa samu ba, ka yi tunani sau biyu kafin ka sayi fom. Wani lokaci janyewa da mutunci a wannan karon ita ce ke ba ka hujja a karo na gaba. A ƙarƙashin dokar 2022, masalaha ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. Kada ka sa hannu a farar takarda, kuma idan kai aka ɗauka, ka tabbata sauran sun sa nasu da yardarsu. Jam'iyyar da ta yi wasa da zaɓen fid da gwani tana iya rasa komai: a Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar APC a Zamfara tun daga gwamna har 'yan majalisar jiha saboda wannan. Wanda aka zalunta a fid da gwani na zaɓen INEC kwana 14 kacal yake da su ya shigar da ƙara.

Maganar ubangida ba a kauce mata. Kusan babu wanda ya hau ba tare da wani babba ya riƙe hannunsa ba, kuma babu aibi a ciki. Aibin yana cikin sharaɗin da ba a faɗa ba. Ka zauna da shi tun farko, cikin ladabi, ka ji abin da yake tsammani: “Ranka ya daɗe, idan Allah ya ba da nasara, me kake so in riƙe maka?” Idan amsar ta shafi kason kuɗin jama'a, ka san irin igiyar da za ka ɗaura wa wuyanka.

Ranar da ka samu tikiti, kafin ka je gidan biki, ka je gidan wanda ka kayar. Zagon ƙasa daga cikin gida ya fi kayar da ɗan takara fiye da jam'iyyar adawa, domin mai yin sa ya san ejan ɗinka, wato wakilinka a rumfar zaɓe, ya san inda kake da rauni. Ka ba mutanensa gurbi na gaske a kwamitin kamfe.

Littafin akwati

Ka sayi babban littafi, ka ware wa kowane akwati shafi biyu. A sama ka rubuta sunansa da lambarsa, yawan masu rajista, yawan waɗanda suka karɓi kati, yawan waɗanda aka tantance a zaɓen baya, da abin da kowace jam'iyya ta samu. Sakamakon 2023 na rumfuna yana kan shafin IReV na INEC, ejan-ejan na da ma sukan ajiye kofinsu. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙarancin masu fitowa. Kano tana da masu rajista sama da miliyan 5.9 a 2023, amma manyan 'yan takarar gwamna biyu, Abba Kabir Yusuf da Nasiru Yusuf Gawuna, ƙuri'unsu a haɗe ba su kai miliyan 2 ba. A ce akwati yana da mutum 600 a rajista, 220 suka fito. Wanda ya tabbatar da mutum 120 ya ci akwatin. Idan mazaɓar tana da akwati 15 irin wannan, abin da kake nema mutum 1,800 ne, kuma mutum 1,800 ana iya rubuta sunayensu.

Ka raba akwatunan uku: naka, na abokin hamayya, da na tsakiya. A naka aikin shi ne fito da mutane. A nasa aikin shi ne rage tazara, ko da ƙuri'a 30 ce, da tsare sakamako. Na tsakiya su za su ci rabin lokacinka. 'Yan takara suna son komawa inda ake yi musu tafi, sai su yi ta zarya a garinsu, ƙauyen da zai raba gardama kuwa sau ɗaya suka leƙa.

Kowane akwati ya samu mutum goma, maza biyar mata biyar, 'yan wurin, masu katin zaɓe a wannan akwatin. Kowannensu ya kawo sunayen mutum 12 zuwa 15 da zai ɗauki nauyin fito da su, da lambar waya idan akwai. Ka sa wani amintacce dabam ya riƙa ɗaukar sunaye goma daga kowane jeri yana bincikawa, domin ko'odinetan da ake biya bisa yawan suna zai cika maka littafi da mutanen da suka rasu ko suka ƙaura.

Mata su ne suka fi jure layi, kuma namiji ba ya shiga gidan aure ya yi kamfe. Matan kwamitinka ne za su bi gida-gida, da wuraren suna da biki, da ƙungiyoyin adashe. Ka ba shugabar mata kuɗin aikinta a hannunta kai tsaye. Idan ya bi ta hannun maza, abin da ke isa gare ta ba ya kai kuɗin mota. Mace mai takara kuwa tana da wannan ƙofar a buɗe fiye da kowane namiji, abin da take buƙata shi ne dattawan gidansu da na gidan mijinta su fito fili su tsaya mata tun kafin masu surutu su fara.

Akwai rukunin mutane biyu da ake mantawa. Na farko Fulanin ruga, waɗanda ake isa gare su ta hannun arɗo, kuma damuwarsu burtali ce da mashaya da allurar dabbobi. Na biyu 'yan cirani. Zaɓen 2019 da na 2023 duk a watannin Fabrairu da Maris aka yi su, lokacin da samarin ƙauye da yawa suna Legas, Fatakwal ko Abuja. Ka ƙirga su a littafinka, ka san nawa ne za su iya dawowa, kada ka gina lissafinka a kan mutanen da ba sa gari. Haka kuma lokacin da INEC ta buɗe rajista, a nan ake cin rabin zaɓe: 'yan shekara 18, amaren da aka kawo daga wani gari da ke buƙatar a mayar da katinsu, da waɗanda katinsu ke kwance a ofis ba su karɓa ba.

Shiga gari

Ba a shiga gari da kiɗa kafin a gaida masu shi. Hakimi, dagaci ko bulama, mai unguwa, liman. Gaisuwa ce da neman addu'a. Kada ka nemi su yi maka kamfe, domin kana iya jawo musu dakatarwa daga masarauta. Doka ta hana kamfe a masallaci da ofisoshin gwamnati, kuma taron gangami sai an sanar da 'yan sanda a rubuce.

Lokaci yana bin aikin gona. Da damina maza suna gona har azahar, sai bayan la'asar ake samun su a majalisa ko teburin mai shayi. A yankin noman rani irin Kura, Bunkure, Garun Malam ko fadamun Auyo da Hadejia, rani ma lokacin aiki ne. Ranar kasuwa tana tara maka ƙauyuka goma a wuri ɗaya, kamar Juma'a a Wudil, Lahadi a Dambatta da Gujungu, Alhamis a Maigatari, amma kasuwa wurin gaisawa ce, mutum yana ciniki ba zai saurari dogon jawabi ba. Zama da mutum 20 a zaure, ka yi shiru su faɗi abin da ke damunsu, ya fi gangamin mutum 2,000 da rabinsu aka ɗauko a mota daga wata mazaɓa.

Ka yi alkawarin abin da kujerar za ta iya. Kansila ba ya gina titin kwalta. Aikin ƙaramar hukuma ya shafi kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, magudanar ruwa, hanyoyin karkara, da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Gyaran famfon tuƙa-tuƙa, kwalbati a mashigar gari, rufin aji biyu da iska ta yaye, bin sawun taransifomar da ta ƙone: waɗannan za ka iya tsayawa a kansu. Ɗan majalisar jiha aikinsa doka ne, da kasafin kuɗi, da sa ido kan ma'aikatu. Ka faɗi abu uku a kowane gari, ka rubuta su a shafin akwatin, domin su ba za su manta ba.

Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hotonka, alamar jam'iyya ce kawai. Saboda haka alamar ta fi fuskarka girma a fasta. Matan kwamiti su riƙa yawo da samfurin takardar suna nuna wa tsofaffi inda za a dangwala, a cikin gidan alamar ba a kan layi ba, da yadda za a naɗe ta a tsaye don kada tawada ta shafi gidan wata jam'iyya. Ƙuri'un da ke lalacewa suna iya fin tazarar da ake cin kujera da ita. Rediyo har yanzu shi ne ke shiga kowane gida a karkara, amma sojan baka da ka ɗauka, duk zagin da ya yi da sunanka ya yi shi. Ka gindaya masa sharaɗi: ba iyaye, ba iyali, ba ƙazafi.

Kuɗi

A 2022 fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2 ne a APC, 600,000 a PDP, kuma fom shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka kashe. Ka kasa abin da kake da shi uku: kashi ɗaya na neman tikiti, ɗaya na watannin kamfe (mai, babura, fasta, rediyo, gudummawar rasuwa da suna), ɗaya kuma ka kulle shi, na makon ƙarshe da ranar zaɓe da lauya. Masu faɗuwa da yawa sun cinye kashi na uku tun ana saura wata guda, ranar zaɓe ejan ɗinsu ya wuni da yunwa har wani ya saya masa abinci. Kada ka sayar da gonar gado ko gidan da iyalinka ke ciki, kada ka ci bashin da faɗuwa za ta hana ka biya. Sayen ƙuri'a, da kuɗi ne ko taliya ko atamfa, laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma wanda ya fi ka kuɗi zai taya sama da kai a daren ƙarshe. Mafi muni shi ne ba matasa ƙwaya da makami su raka ka. Yaran nan 'ya'yan maƙwabtanka ne, kuma bayan zaɓe a garin za su zauna da abin da ka koya musu.

Ranar zaɓe

Ejan shi ne mutum mafi muhimmanci a tafiyarka. Ya zama ɗan akwatin, mai karatu da rubutu, mai sanyin kai, wanda ba a saye. A dokar 2022 ana miƙa sunansa da hotunansa ta hannun jam'iyya aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. Wanda ba shi da katin wuya na hukuma ana iya korarsa daga rumfa. Ka tara su kwana guda cur a koya musu aiki da samfurin fom, ka ba kowanne biro biyu, ƙaramin littafi, tocila, waya mai caji da kati, da kuɗin abincinsa tun daren jajibiri. Ka ajiye masa mataimaki a waje.

INEC tana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe. Ejan ya riga ma'aikata isa. Ya ga an nuna akwati babu komai, ya ga na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, tana kan sifiri, ya rubuta yawan takardun ƙuri'a da aka kawo. Ya lura ko jami'in rumfa yana buga hatimi, yana sa hannu da kwanan wata a bayan kowace takarda. Kan wannan ne kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zare wa NNPP ƙuri'a 165,663 na zaɓen gwamnan Kano a Satumban 2023, alhali tazarar da aka ci zaɓen da ita ba ta kai 130,000 ba. An mayar da su daga baya, amma bayan wata huɗu jihar tana zaman ɗar-ɗar.

Idan an gama ƙirga, ya duba yawan waɗanda na'ura ta tantance. Ƙuri'u suka fi wannan adadi, an soke akwatin. Don haka masoyin da ya cusa maka ƙuri'u a akwatin da kake da rinjaye, ya ƙona maka shi ne. Haka mai tayar da rigima: idan tazarar da ke tsakaninku ba ta kai yawan masu kati a akwatunan da aka soke ba, sai a ce zaɓe bai kammalu ba, kamar yadda aka yi a zaɓen gwamnan Kano na 2019, inda mazaɓar Gama ta zama abin magana a ƙasa baki ɗaya. A zagaye na biyu ƙarfin kowa yana taruwa a 'yan akwatuna kaɗan, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke shan wuya. Abokin hamayya ya san haka, shi ya sa tsokana takan faro a akwatinka mafi ƙarfi. Ka gaya wa mutanenka tun da wuri: ko an zage su, su tsaya a layi.

Ejan ya karanta fom EC8A na sakamakon rumfa kafin ya sa hannu, alƙaluma da kalmomi su dace, duk gyara a sa masa hannu. Ya karɓi kofinsa, ya ɗauki hotonsa da na wanda aka liƙa a bango, ya turo nan take, sannan ya bi akwatin a babur har cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa. A can ake cika EC8B, kuma a can, cikin dare, 17 ke komawa 71. Ka sa mutum mafi ilimi da kake da shi a wurin, riƙe da kofin kowane akwati da na'urar lissafi, wani kuma a cibiyar ƙaramar hukuma. Kai ka zauna wuri ɗaya da mutum biyu masu tara alƙaluma, wayarka a buɗe.

Bayan sanarwa

Wanda ya ci, ya cika fom ɗin bayyana kadarori, ya koma kowane gari godiya cikin wata na farko, har garin da bai ba shi ba, ya buɗe littafin nan ya fara da alkawari mafi sauƙi. Ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ba tare da ta rabu gida biyu ba, sashe na 109 na kundin tsarin mulki ya ce kujerarsa ta faɗi. Kujerun ƙasa matakala ce ta gaske: Gawuna ya riƙe ƙaramar hukumar Nassarawa kafin ya zama kwamishina da mataimakin gwamna, Aminu Abdussalam ya riƙe ta Gwarzo kafin ya kai wannan matsayi a 2023. Faɗuwa ma ba ta rufe hanya. Badaru Abubakar ya nemi gwamnan Jigawa a 2011 bai samu ba, ya samu a 2015.

Wanda ya faɗi kuma yana ganin an yi masa ba daidai ba, a zaɓen INEC kwana 21 yake da su daga ranar sanarwa ya shigar da ƙara, kotun tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Zaɓen ƙaramar hukuma yana da tasa kotun da nasa wa'adin a dokar jiha, ka sa lauya ya duba shi tun kafin ranar zaɓe. Washegarin sanarwa a rubuta wa hukuma neman kofin fom-fom masu hatimi da rahoton na'ura, a tattara kofin ejan-ejan a jaka ɗaya, kowane ejan ya rubuta abin da ya gani da idonsa tun bai manta ba. Kotu tana bin ƙara akwati-akwati ne, kuma shaidar wanda ya tsaya a rumfar take saurara. Kafin ka biya lauya, ku zauna ku tara ƙuri'un akwatunan da kuke da takarda da shaida a kansu. Idan jimillarsu ba ta kai tazarar da aka ba ka ba, ka bar kuɗin a aljihunka, ka biya ejan-ejan haƙƙinsu.